Batu na Tara

4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina fata kuma ciwon wuyan da kika ce kujerar ofis ta jawo miki ya lafa. Mu nan lafiya, in ban da Yaya. Tarin ya ƙaru tun bayan ganinki da shi. Daga gadonsa zuwa bakin ƙofa yanzu sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Likita ya maimaita abin da ya faɗa bara, cewa ɓurɓushin audugar da mutum ya shaƙa shekara ashirin da shida a masaƙa ba ya fita daga huhu, sai dai a lallaɓa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa za ta yi taro ranar 21 ga Maris, domin ta yanke shawara ko za ta sake mara wa Wakilinmu na Majalisar Ƙasa baya, karo na huɗu ke nan. Helma, wanda yake shugabantar ƙungiyar, ya same ni a maɗaba'a ina tsakiyar gyaran wata kalanda, ya ce in rubuta musu ƙasida a kan aikin Wakili, in kuma karanta ta a gaban taro. Na ce masa ni mai gyaran rubutun wasu ne, ba marubuci ba. Ya ce, "Kai kake karanta mana takardun asibiti, ba ka taɓa ƙara mana ba, ba ka taɓa rage mana ba. Abin da ka rubuta shi za mu bi." Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Kin san ban wuce aji shida ba. Abin da na sani game da mulki, daga ƙasidun da ake kawo mana bugawa na tsince shi, musamman wata mai shafi goma sha shida a kan yadda ake yin doka, wadda na haddace. Amma shekara goma sha biyu ke nan ina yanke duk labarin Wakili daga jarida ina mannawa a littafi, saboda haka ba da ka zan yi magana ba.

Wakilin tsohon shugaban makaranta ne, mai ra'ayin riƙau, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ya ƙi ƙarin haraji a kan 'yan kasuwa sau biyar. Ya ƙi a sauya littattafan makaranta, ya ƙi a rage shekarun jefa ƙuri'a, ya goyi bayan tsananta hukuncin ɓarayi. A wasu ina tare da shi, a wasu ina da ja, amma ba su ne ƙashin bayan ƙasidar ba. Ƙashin bayanta shi ne ƙudurin jinyar ma'aikatan masaƙa, wanda zai tilasta wa masu masaƙu su amince cewa ciwon daga aikinsu ne, su kuma ɗauki nauyin maganinsa. Kowa ya san jam'iyyarsa ba ta son a ɗora wa masu masana'antu kaya. Duk da haka sau uku aka kawo ƙudurin, sau ɗaya a kowane zango, kuma sau uku ya saɓa wa jam'iyyarsa ya ce eh a karatu na biyu. A na ƙarshe har muryarsa ta yi rawa a rediyo. Yaya ya ji, ya share hawaye.

Roƙona shi ne, tun da kina buga takardu a ofishin kwamitocin Majalisa, ki duba mini kundin ƙuri'u ki gwada shi da jerin da na haɗo da wannan takarda, layi bayan layi, kwanan wata da lamba. Jarida tana kuskure, na fi kowa sani. Ba na son in tsaya a gaban mutanen da suke jan numfashi da kyar in karanta musu abin da ban tabbatar ba.

Ki gaida maigida. Don Allah ki amsa da wuri.

Ɗan Gwaggonki.

13 ga Fabrairu

Malam Ƙasida,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, wuya yana nan yana mulkinsa. Allah ya ba Yaya sauƙi. Ka ce ina gaishe shi, kuma ya daina ce wa likita lafiyarsa lau.

Kai dai ba ka canza ba. Jeri mai shafi shida, har da jan layi a ƙarƙashin kowace shekara! Maigida ya ɗauka sammaci aka aiko mini. Hutun ranata na kwana uku ya ƙare a ɗakin ajiye kundi saboda kai, ina atishawa kamar mage. Sakamako: duk daidai. Wuri ɗaya ne jarida ta ce Talata alhali Laraba ce, na gyara da fensir. Eh ɗin nan guda uku suna nan a rubuce, da sunansa a gefe.

Amma ka saurare ni, taubashi. Kada ka yi gaggawar bugawa. Akwai abin da mutumin nan yake yi a kan ƙudurinku wanda kundin ƙuri'u ba ya ɗauka, kuma ba magana ce da zan rubuta a kan teburin ofis ba, ga shugabarmu tana kai da kawo a bayana. Ka jira takardata ta gaba.

Ni ce 'yar Kawunka, wadda ta fi ka aji.

24 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, kuma ta sauke mini nauyi daga ƙirji. Allah ya saka da alheri. Mu nan lafiya. Yaya ya samu kwana biyu masu sauƙi, har ya zauna a ƙofar gida, amma jiya matarsa ta ce ya sake ƙin abinci.

Sakin layinki na ƙarshe na karanta shi sau da yawa, kuma ina jin na fahimce ki. Dattijo irin wannan ba ya tallar alherinsa. Na daɗe ina zaton akwai ƙoƙarin da yake yi a bayan fage, yana lallashin 'yan jam'iyyarsa ɗaya bayan ɗaya, kuma na gane dalilin da ya sa ma'aikaciya ba za ta rubuta irin wannan a ofis ba. Ki kwantar da hankalinki, ban sa shi a ƙasidar ba. Abin da ba ni da kwanan watansa ba na rubuta shi, ko da na yabo ne.

Batun jira kuwa, ki gafarce ni, bai yiwu ba. Mai maɗaba'a ya ce daga ɗaya ga Maris injin na hotunan 'yan takara ne har sai an yi zaɓe, in ban shiga wannan makon ba, na rasa. Saboda haka mun buga. Kwafi ɗari huɗu, shafi goma sha biyu. Na yi mata gyara sau huɗu, na ƙarshe daga ƙasa zuwa sama, yadda ido ba zai ruɗu da daɗin magana ba. A bango mun sa hoton da aka ɗauka shekara huɗu da suka wuce, lokacin da Wakili ya zo duba marasa lafiya, hannunsa a kafaɗar Yaya. Na kai wa Yaya kwafin farko. Warin tawada ya tayar masa da tari, amma ya ƙi sakinta.

Helma ya raba su gida gida. Ofishin Wakili ya aiko cewa ya gani, ya yaba, kuma zai zo taron da kansa. Ga kwafi ɗaya na haɗo miki. In kin ga kuskure, kada ki ji nauyina, ko da yake ba na jin za ki gani.

Ɗan Gwaggonki.

9 ga Maris

'Yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Mu nan kamar yadda kika sani.

Sau biyar na je gidan waya. Mai raba wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ko ba ki da lafiya ne? Ko takardata ta ɓata? Ko na faɗi abin da ya ɓata miki rai?

Shekaranjiya na sake ɗauko takardarki na karanta ta yadda nake karanta aikin baƙo, ba yadda nake karanta ta 'yar'uwa ba. Sai na lura ba ki ce abin da yake yi alheri ne ba. Ni na ce. Tun lokacin nake sa hannu a aikin mutane ban san abin da na karanta ba, har mai maɗaba'a ya kama mini kuskure biyu a katin gayyata, abin da bai taɓa faruwa ba.

Saura kwana goma sha biyu. Don girman Allah ki rubuto, ko layi biyu ne.

Ɗan Gwaggonki.

14 ga Maris

Taubashi,

Lafiyarmu ƙalau. Ka yafe mini shirun. Sau uku na rubuta takardar nan ina yagawa. Ina da yara a makaranta, kuma a ofishinmu mutum huɗu ne kacal suka san abin da zan faɗa maka. Amma da ƙasidarka ta iso na ga hannun nan a kafaɗar Yaya, sai na ga dole in rubuto.

Waccan mai shafi goma sha shida da ka haddace ta gaya maka cewa bayan karatu na biyu ana tura ƙuduri kwamiti. Abin da ba ta gaya maka ba shi ne, in zango ya ƙare kwamiti bai dawo da shi zaure ba, ƙudurin ya mutu, sai a sake daga farko. Ba ƙuri'a, ba rediyo, ba wanda ya ce a'a. Kwamitin da ake tura wa naku shi ne na masana'antu. Shugabansa kuwa ka san shi, Wakilinka ne, kai da kanka ka sa muƙamin cikin abin yabo a shafi na huɗu.

Ni nake buga jadawalin zaman kwamitin, shekara bakwai ke nan. Ba ya cire ƙudurin, ya fi haka wayo. Kullum yana cikin jadawali, batu na tara, na ƙarshe. Ana zama ƙarfe goma. Zai ja maganar ma'aunin buhu, ya ja rahoton ziyarar da suka kai bara, ya bar kowa ya yi surutu son ransa. In an kai na bakwai ko na takwas sai ya dubi agogo ya ce, "'Yan'uwa, lokaci ya ƙure." Ni kuma in buga: an ɗage batu na tara zuwa zama na gaba. Na ƙirga saboda na san za ka tambaya. Sau hamsin da ɗaya na buga layin nan da yatsuna. Wadda na gada ta ce haka ta yi ta yi har ta tafi.

A shekarata ta farko na sa shi na biyu, don na ga shi ya fi daɗewa yana jira. Ya kira ni ofishinsa, har ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce, "'Yata, ke sabuwa ce ko? Batu mai nauyi ba a farawa da shi, sai an natsu. Mayar mana da shi mazauninsa." Yana murmushi. Na sha shayin, na mayar.

Ɗan majalisar adawa da yake kawo ƙudurin, wani likita, ya taɓa miƙewa ya ce a jawo shi gaba. Wakilinka ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Likita, mutanen mazaɓata ne fa, na fi ka jin zafin. Amma in muka fara tsallake tsari, a ina za mu tsaya?" Aka koma kan buhu.

Saɓa wa jam'iyya kuma da ka ja wa layi, da saninsu yake yi. Ranar ƙuri'a ta uku, bayan ya gama rawar muryar, na shiga kai masa takardu na tarar da shi da jagoran jam'iyyarsu, wanda ya ce a'a a zaure, suna ƙyalƙyala dariya. Jagoran yana cewa, "Wallahi saura kaɗan ni ma in fashe da kuka."

Zama biyu ya rage a zangon nan. Na riga na buga jadawalin duka biyun. Kada ka tambaye ni lamba.

Kada sunana ya fito. Jadawalin ana manna shi a allon sanarwa na farfajiya, kowa zai iya gani, dubawa ce ba a yi. Ka ƙona takardar nan. Na san na makara, kuma na san ba kai kaɗai ka sa wa ƙaryar nan hannu ba.

'Yar Kawunka.

28 ga Maris

Zuwa ga 'yar Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu nan muna nan. Yaya bai ƙara fita ba tun ranar taro.

Da farko abin da ya shafe ki. Takardarki ta iso ranar 19. Na ƙona ta ban kwafa ba, abin da kin san ya yi mini wuya. Sunanki bai fito ba, kuma ba zai fito ba.

Washegari na je wurin Helma, na same shi yana jera kujeru a ɗakin taron makaranta. Na gaya masa komai. Ya ce, "Wa ya faɗa maka?" Na ce ba zan faɗa ba. Ya ce, "To ƙasidar ƙarya ce?" Na ce a'a. Ya ce, "Bai ce eh ɗin ba?" Na ce ya ce. Ya ajiye kujerar da ke hannunsa ya ce, "To me kake so in gaya wa mutane? Babban mutum zai zo gobe. Ka karanta abin da ka rubuta, ka bar mu da Allah."

Mutum wajen ɗari biyu suka zo. Ban taɓa jin tari irin na ɗakin nan ba, in wannan ya lafa wancan ya ɗauka. Wakili ya makara da awa biyu. Yana shigowa ya nufi layin gaba inda aka zaunar da Yaya, ya durƙusa, ya kama hannunsa, ya jira mai hoto ya gyara tsayuwa, sannan ya ce da ƙarfi, "Yayana! Yaya ƙafar?" Ƙafar, 'yar Kawu. Yaya ya ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe."

Aka kira ni. Na karanta ƙasidar daga farko har ƙarshe. Aka tafa. Maimakon in sauka, sai na juya na ce, "Ranka ya daɗe, akwai tambaya ɗaya da jahilcina ya hana ni sawa a ciki. A shekara goma sha biyu, sau nawa kwamitinka ya tattauna ƙudurin nan?"

Ko ido bai ƙifta ba. Ya taso yana dariya, ya rungumo kafaɗata, ya karɓe lasifikar daga hannuna a hankali yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ya ce, "Kun ga malaminku? Irinsu ƙasar nan take buƙata. To ku ji. Ina rantse muku, babu zama ɗaya da kwamitina ya yi wanda ƙudurinku ba ya cikin jadawali. Ko ɗaya!" Ɗakin ya kaure da tafi. Gaskiya ya faɗa, kin gani. Na ce, "A lamba ta nawa?" amma ba wanda ya ji sai na kusa, wani kuma daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Zauna mana, mai jan biro, ka cika ƙididdiga!" Aka yi dariya. Na zauna. Shekara hamsin da uku a duniya, aka ce in zauna, na zauna.

Helma ya ce mai goyon baya ya ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, ba ya buƙatar ƙirga. Yaya ya ɗaga nasa, matarsa tana tallafe masa gwiwar hannu.

Da muka dawo gida da la'asar na jira numfashinsa ya daidaita, sannan na gaya masa yadda ake kashe ƙuduri ba tare da an ce a'a ba. Na zaci zai yi kuka ko ya zage ni. Sai ya ce, "Ƙanena, ka ɗauka ban lura ba? Ni ban yi aji shida ba, amma na yi aiki a ƙarƙashin mutane. Mai ce maka gobe da murmushi shekara goma sha biyu, ai na san shi tun a masaƙa."

Na ce, "To Yaya, me ya sa ka ɗaga hannu?"

Ya ce, "In na sauke, me zan jira? Kai kana da huhu, kana iya fushi. Ni jiran ne ya rage mini."

Ban san wanda zan fara jin ƙyamarsa ba. Shi Wakili yana nan yadda yake, aikinsa yake yi, kuma ya iya. Amma ni ne na ɗauki shekara goma sha biyu da almakashi da gam ina tara masa shaida. Ni ne aka yarda da ni saboda ba na ƙarawa ba na ragewa, sai ga shi mutumin da ya fi ni sanin aikin ya gane cewa irina ne ya fi sauƙin hawa. Da maƙaryaci ne ya rubuta, da an yi masa tambaya. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Kwana huɗu na bi gidaje ina roƙon a mayar mini da ƙasidar. Cikin ɗari huɗu na samu tara, biyu daga ciki an riga an yage bangonsu an manna hoton a ɗaki. Sauran suka ce ai gaskiya na rubuta, me zan yi da ita. Shekaranjiya kuma mutum biyu suka zo maɗaba'a da takardun asibiti kamar kullum, suka miƙo mini suka zauna suna jira. Har yanzu sun yarda da ni. Da sun daina gaishe ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙasidar Yaya kuwa ban nema ba. Jiya da hantsi na shiga duba shi, ya zaro ta daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini ya ce in karanta masa. Na ce, "Yaya, bayan abin da ka sani?" Ya ce, "Karanta dai." Na zauna a bakin gado na karanta, yana lumshe da ido, ƙirjinsa yana ƙugi. Tun daga shafin farko nake neman layi ɗaya da zan ce masa wannan ƙarya ne, in samu dalilin tsayawa. Na kai ƙarshen shafi na goma sha biyu ban samu ba.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya tsare miki aikinki.

Ɗan Gwaggonki.